Takardar CCNA tara a kan tebur: ta yaya za mu gane wanda ya iya aikin rezo?

Mai Mangaza ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Kamfaninmu na nan Maradi zai ɗauki mutum ɗaya da zai riƙe mana rezo, wato haɗin kwamfutocinmu da intanet, kuma an ɗora mini alhakin shirya ganawa da masu neman aikin. Abin da muke da shi: babban biro mai kwamfuta wajen 60, suwic biyu na Cisco, ruta ɗaya ta MikroTik, kamarori 25, da anten da ke haɗa mu da mangazarmu mai nisan kilomita 6. Akwai reshe a Tasawa, akwai wani a Dakoro, duka suna shiga manhajar kwantabul da ke kan sabar ta nan Maradi.

Takardu 14 suka zo, tara daga ciki sun rubuta CCNA, shaidar ƙwarewar rezo ta kamfanin Cisco, biyu sun ƙara da MTCNA, wato ta MikroTik, ɗaya ma ya ce yana da CCNP, wadda ke gaba da CCNA. A takarda kowa gwani ne. Ni kuwa aikina kula da ma'aikata ne, ilimina na rezo bai wuce kashe ruta a sake kunnawa ba. Wuni ɗaya gare mu, kuma za mu iya gayyato masani ɗaya ya zauna da mu. Me za mu tambaye su, me za mu aje musu a gaba, kuma me za mu duba don mu rabe mai aiki da mai hadda?

Malam Na-Gobir ya amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin ka kira kowa, ka fara da takardun, don a nan kaɗai sai taran nan su koma huɗu ko biyar.

Abu biyu ne mutane ke kira CCNA. Akwai takardar kammala darasi ta makarantun Cisco Networking Academy, darussa uku ne, ana yin su har da Faransanci, malamin aji ne ke gwada ɗalibi. Akwai kuma ainihin jarrabawar, mai lamba 200-301, wadda ta zama guda ɗaya tilo tun Fabrairun 2020. Ta hannun kamfanin jarrabawa na Pearson VUE ake zana ta, minti 120, dala 300 na Amurka, kuma ba a yin ta da Faransanci. Takardar darasi ba ƙarya ba ce, wani lokaci ma mai ita ya fi taɓa na'ura, amma ba ita ce shaidar CCNA ba, kuma wanda ya rubuta ta a matsayin shaidar ya riga ya nuna maka wani abu game da halinsa. Ka ce kowa ya turo maka mahaɗin bajonsa na Credly, shafin da Cisco ke aje shaidar waɗanda suka ci, ka buɗe da kanka ka ga suna da ranar ƙarewa. Shekara uku take yi. Ta MikroTik ma shekara uku ce, kuma ana duba lambarta a shafin kamfanin. Hoton takarda a WhatsApp kada ka karɓe shi a matsayin hujja.

Ko ta tabbata ta gaske ce, da sauran aiki. Akwai tambayoyin jarrabawa da ake sacewa ana yawo da su a intanet, mutum ya haddace amsoshi cikin mako uku ya je ya ci. Irin wannan zai gaya maka OSPF, tsarin da rutoci ke sanar da juna hanyoyi, na aika sallama kowane sakan 10, yana yanke ƙauna da maƙwabci bayan 40, amma bai taɓa ganin ruta biyu sun ƙi gaisawa ba. Saboda haka duk tambayar da amsarta lamba ɗaya ce ko kalma ɗaya, ku bar ta. Gani ya kori ji: ku ɓata rezo ku ba shi ya gyara.

Kayan da ake buƙata ba su da yawa. Suwic biyu masu karɓar saiti, ko tsofaffin 2960 sun isa, MikroTik ƙarama ɗaya, kwamfutar hannu biyu, wayar konsol da ake shiga saitin suwic da ita kai tsaye, gajerun wayoyin rezo guda shida, da layin intanet ko na SIM ne. Masanin naku ya haɗa su ranar jajibiri, ya raba rezon gida biyu, abin da ake kira VLAN: VLAN 10 ta ma'aikata, VLAN 20 ta kwantabul, rutar tana raba adireshi ga duka biyun. Ya tabbatar komai na tafiya, ya ajiye kwafin saitin lafiyayye, sannan ya dasa matsaloli huɗu. Kowane mai nema a ba shi matsaloli iri ɗaya da minti 45, a maido da ɓataccen saitin kafin na gaba ya shigo, kuma waɗanda suka gama kada su haɗu da masu jira.

Tun daga wayar konsol ake fara tacewa. Ka miƙa mishi ita kawai ka yi shiru. Wanda ya saba zai duba lambar COM, ya buɗe PuTTY, ya sa gudun 9600, ya shiga cikin minti biyu. Wanda duk rayuwarsa a Packet Tracer ya yi ta, manhajar kwaikwayon rezo a kwamfuta, zai tsaya yana juya wayar, don a can danna hoton suwic ake yi taga ta buɗe.

Matsala ta farko mai sauƙi ce: kafar da kwamfutar kwantabul take ciki a mayar da ita VLAN 10. Kwamfutar za ta samu adireshi, amma na wani gida. `ipconfig` a kwamfuta da `show vlan brief` a suwic sun isa. Ta biyu, a cire VLAN 20 daga jerin da aka yarda ya bi ta wayar da ta haɗa suwic biyun. Da zarar ya gyara ta farko sai kwamfutar ta koma 169.254, wato ta nemi adireshi ba wanda ya amsa mata. A nan ake ganin mutum. Mai hadda zai ɗauka gyaransa ne ya ɓata abu, ya koma ya warware shi. Mai fahimta zai ce yanzu kafar ta yi daidai, saƙon neman adireshi ne ba ya kaiwa ga ruta, sai ya bi hanya da `show interfaces trunk`. Kuma ku zuba ido a kan yadda zai maido da VLAN ɗin. In ya rubuta `switchport trunk allowed vlan 20` ba tare da `add` ba, ya share duk sauran ya bar 20 kaɗai. A teburin gwaji abin dariya ne, a biro da ƙarfe goma na safe kuwa ma'aikata 60 ne za su miƙe tsaye lokaci ɗaya.

Ta uku, a kashe dokar masquerade a MikroTik. Rutar da kanta tana samun 8.8.8.8, kwamfutocin bayanta ba sa samu. Wanda ya gwada daga ruta, ya gwada daga kwamfuta, ya kwatanta, cikin minti uku zai ce NAT ne, wato fassara adireshin cikin gida zuwa na waje da dokar ke yi. Ta huɗu, a sa adireshin bogi na DNS, mai juya sunan shafi zuwa lamba, a cikin bayanin da rutar ke raba wa kwamfutoci ta DHCP: ping zuwa lamba na tafiya, shafi ba ya buɗewa. `nslookup` ke tona ta. Bayan ya gyara a ruta, dole ya tuna kwamfutar na riƙe da tsohon bayanin sai an sabunta da `ipconfig /renew`. Da yawa a nan suke maƙalewa, sun gyara daidai amma suna ganin bai yi ba.

In ya gama, kada ku ce mishi komai, ku ga ko zai adana aikinsa. Cisco ba ta riƙe gyara sai an yi `copy running-config startup-config`. Wanda ya tashi bai yi ba, ku zare wayar kuran a gabansa ku mayar, ya ga aikinsa ya tafi. A garin da wuta ke iya ɗaukewa sau da yawa a wuni, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai lissafin adireshi, da takarda da biro, ba waya. Ku ba shi 192.168.10.0/24 ya raba wa kwamfuta 60, kamara 25 da baƙi 12. Amsar littafi ita ce /26 daga 0 zuwa 63, /27 daga 64 zuwa 95, /28 daga 96 zuwa 111. Wanda ya kawo wannan ya ci. Wanda ya kawo ta sannan ya ce /26 adireshi 62 kawai take bayarwa, in an cire na ruta da firinta ɗaya ta cika, a ba shi wani /24 daban don ma'aikata, wannan shi ne ya taɓa riƙe rezo mai girma.

Mai CCNP kuma a ƙara mishi ɗaya: ruta biyu masu OSPF da aka bambanta musu MTU, wato iyakar girman ƙunshin da layi ke ɗauka, suna tsaye a EXSTART sun ƙi wucewa. In takardarsa ta gumi ce, yana ganin kalmar zai san inda zai duba.

Ɗan Gulbi ya amsa:

Malam ya yi bayani mai kyau, sai dai ya zaunar da yaron a ɗaki mai kilim. Rezon da Alhaji ya kwatanta, yawancin pan ɗinsa, wato lalacewarsa, ba a cikin saiti zai fito ba. A waya zai fito, da wuta, da zafi, da anten. Kuma jarrabawar CCNA ba ta sa kowa ya matse kan waya ko ya hau tsani.

Ku aje mita biyu na waya, kawunan RJ45 guda huɗu, filayar matsewa da testa. Minti goma. Jerin T568B shi ne fari-lemo, lemo, fari-kore, shuɗi, fari-shuɗi, kore, fari-ƙasa, ruwan ƙasa. Ku duba rigar wayar ta shiga cikin kan har maƙogwaron ya danne ta, kuma bai warware murɗin ya wuce santimita ɗaya da ɗan kai ba. Sannan ku miƙa mishi wata da kuka shirya: an jera launukan biyu-biyu a jere, iri ɗaya a duka kawunan. Ƙaramar testa za ta haska 1 zuwa 8 lafiya lau. Ku tambaye shi ko wayar na da kyau. Ba ta da kyau, don fil na 3 da na 6 dole su fito daga murɗi ɗaya. In an raba su, a mita biyu za ta yi aiki, a mita 50 sai kurakuran CRC su cika kafar, rezo ya yi ta jan ƙafa ba a san dalili ba. Wanda ya ɗaga kan wayar ya kalli launuka kafin ya amsa, ku riƙe sunansa.

Tambaya ta gaba: kafa mai gigabit, kwamfuta mai gigabit, amma sun tsaya a megabit 100. Me ya faru? Gudun 100 da fil huɗu yake aiki, 1, 2, 3 da 6. Gigabit sai duka takwas. Ɗaya daga cikin sauran ya katse ko bai matsu ba. Ku kuma tambaye shi iyakar tsawon waya. Kowa zai ce mita 100. To kamarar bakin ƙofa tana mita 140, ya za a yi? Ko a sa suwic a tsakiya, ko a ja fiba. Wanda ya ce a ja kawai zai yi, shi ne zai bar ku da kamarar da ke zuwa tana tafiya.

Wayar kanta ma abin gwaji ce. Kasuwa cike take da wadda ake kira CCA, alminiyom ne aka shafa wa tagulla. Kwalinta ya fi sauƙi a hannu, kuɗinta ya fi araha, in ka kankare silin da wuƙa sai fari ya fito. Ga kwamfutar kusa tana lallaɓawa, amma ga kamara ko anten da ke shan wuta ta cikin wayar, ƙarfin wutar na zubewa a hanya. Ku sa guntu biyu a gabansa ya rabe.

Ga wadda ke kama mutane: kamarori shida suna aiki da rana, da magariba sai biyu su mutu, da safe su dawo. Mai hadda zai tafi neman VLAN. Dalilin shi ne fitilun ganin dare na kamara suna kunnuwa in duhu ya yi, shan wutar ya ƙaru, jimillar ta wuce abin da suwic ɗin ke iya bayarwa, sai ya yanke wasu kafofi. Kafa ɗaya a ma'aunin 802.3af wat 15.4 take bayarwa, a 802.3at wat 30, amma suwic na da jimillar da ba ya wucewa, ita ake dubawa a jikinsa kafin a saya. Ya kuma san akwai antenoni masu cin bolt 24 ta adaftarsu, wadda ba ta tambayar na'ura kafin ta tura wuta. Aka soka wa irin wannan anten adafta mai 48, ya ƙone nan take.

Maganar mangaza. Kilomita 6 a kan 5 GHz, ganin juna da ido bai isa ba. Igiyar na buƙatar fili kewaye da layin, a tsakiyar hanya faɗinsa daga layin ya kusa mita 9, kuma ana son aƙalla kashi 60 cikin 100 nasa ya zama babu komai, wato mita 5 da ɗoriya sama da kan itatuwa da rufin gidaje. Ku ce mishi sigina na nan a -62 tun da aka kafa, yanzu ta yi rauni ta koma -78, me zai duba? Amsoshin kirki: iskar farkon damina ta juya anten, ruwa ya shiga kan waya, itace ya yi tsawo ko ya cika ganye, ko wani ya kafa nasa a tasha ɗaya. In ya tambaye ku wane wata abin ya fara da kuma irin itatuwan da ke hanya, ɗan ƙasa ne mai lura, don gawo da rani yake ganye ya kaɗe da damina, saɓanin sauran. Ku tambaye shi kuma yadda zai kare kayan daga tsawa: waya mai sulke, abin tare tsawa a gindin ƙarfen, da sandar ƙasa da aka haɗa da gaske, ba wadda aka soka a busasshen yashi aka manta ba.

Na ƙarshe, lissafin batir. Kayan rezo na shan wat 150, ana son su yi awa 4 babu kuran babu gurup. Wat-awa 600 kenan. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da 1200 a takarda, amma na dalma ba a shanye fiye da rabinsa in ana son ya daɗe, ga asarar inbata wajen kashi 15. Ɗaya bai isa ba, sai biyu. In ya ƙara da cewa a fitar da batir da ondilar daga ɗakin da ke kai digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, saboda zafi na cinye rayuwar batir, kuma a riƙa hure ƙurar hunturu daga fankar suwic, to ya san inda yake zaune.

Mai Mangaza ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, Malam da Ɗan Gulbi. Kayan duk muna da su sai wayar konsol, za a nemo. Damuwata biyu. Ɗaya, in mutum uku suka gyara duka huɗun, ko kuma ba wanda ya gama, da me za mu fifita wani? Biyu, rassan Tasawa da Dakoro daga nesa zai riƙa kula da su, ba kullum za mu tura mota ba. Akwai hanyar gwada wannan a tebur?

Hajiya Mai Sabar ta amsa:

Alhaji, kada ku ƙirga yawan abin da aka gyara kawai. Ni ban ma goyi bayan minti 45 a matsayin wuƙar yanka ba, Malam ya yi mini haƙuri. Mutum uku sun zuba maka ido, hannu na rawa, gwani ma sai ya manta umarni. Wanda ya gyara uku a natse ya fi wanda ya gyara huɗu da dace. Ku ce ya riƙa faɗin abin da yake tunani da baki, da Hausa ko da Faransanci, duk wanda ya fi mishi sauƙi. Ku bar shi ya danna alamar tambaya a konsol, ya buɗe littafin na'ura in yana so. A bakin aiki ba wanda ke hana shi. Abin da za ku hana shi ne kwafe matsalar ya tura wa wani ko wa manhaja ta amsa mishi.

Kai da ba masani ba akwai abin da za ka iya auna da kanka, kuma ya kai rabin makin. Ya yi tambaya kafin ya taɓa komai? Wa abin ya shafa, mutum ɗaya ko kowa, yaushe ya fara, me aka canza jiya? Ya ɗauki kwafin saiti kafin ya fara? Abu ɗaya yake canzawa ya gwada, ko biyar yake jefawa a tare? In gyara bai yi ba, yana mayar da shi yadda ya same shi? Wanda hannunsa ya fara zuwa maɓallin mayar da ruta sabuwa fil, ku gode mishi ku sallame shi, don ran da ya yi muku haka a Dakoro ba kwafi, sai an kwana biyu ana tuna abin da ke ciki. A ƙarshe ku ba shi minti biyar ya rubuta abin da ya samu da abin da ya yi, a layi biyar, sannan ya bayyana maka kai, ba wa masanin ba. In ba ka gane ba, laifinsa ne. Kowane alƙali ya rubuta makinsa shi kaɗai kafin ku yi magana, in ba haka ba bakin babba kowa zai bi.

Ku saka tambaya ɗaya da kuka san ta fi ƙarfinsa, misali BGP, tsarin musayar hanyoyi tsakanin manyan rezo, ga mai CCNA. Wanda ya ce wannan ban taɓa yi ba, amma ga inda zan fara dubawa, ya fi wanda ya yi ta zuba. Haka CV ɗinsa: ku zaɓi aiki ɗaya da ya rubuta, ko na istaj ne, ku ba shi alli ya zana rezon wurin. Suwic nawa, wace kafa ke zuwa ina, wane adireshi, me ya taɓa lalacewa. Wanda ya yi da hannunsa zai tuna har kafar da ta mutu. Wanda ya tsaya a bayan mai yi, zanensa gajimare ne da kibiyoyi. In kuma ya fara karanto muku kalmomin sirri na tsohon wurin aikinsa don ya burge ku, gobe naku zai karanta wa wasu.

Gwajin nesa kuwa mai sauƙi ne. Ku kai MikroTik ɗin wani ɗaki ku rufe, ku ce Tasawa ce, ba shi da hanyar zuwa sai ta rezo. Ku ce ya ƙara doka a katangar tsaro da za ta hana kowa shiga rutar sai daga biron Maradi. MikroTik na aiwatar da gyara nan take kuma tana adana shi, don haka doka ɗaya da aka sa a saman jeri ba daidai ba ta isa ta rufe shi a waje. Mai hankali zai danna Safe Mode kafin ya fara, in layin ya yanke rutar ta warware gyaran da kanta. A Cisco dabarar ita ce `reload in 10` kafin gyara, kada a adana, in komai ya yi daidai a soke da `reload cancel`. Wanda bai san ko ɗaya ba, kuɗin man mota zai riƙa ci muku.

Ku tambaye shi kuma yadda zai riƙa shiga rassan. In ya ce zai buɗe Winbox, manhajar saita MikroTik, kafa ta 8291, ga duk duniya, a'a. A 2018 an yi wa dubban rutocin MikroTik kutse ta wannan kafar kafin mutane su sabunta manhajarsu. Amsar ita ce VPN, wato ɓoyayyen rami ta cikin intanet tsakanin reshe da Maradi, kuma RouterOS 7, manhajar MikroTik, na da irinsa a ciki, WireGuard. Ku bi shi da wannan: reshen Dakoro da SIM yake aiki, adireshin da rutar ta samu ya fara da 100.64, me ke nan? Ba adireshin fili ba ne, kamfanin waya ne ya tara mutane da yawa bayan adireshi ɗaya, ba a iya kiran reshen daga waje. Dole reshen ne zai kira Maradi ya riƙe ramin a buɗe, Maradi kuma ta samu tsayayyen adireshin fili.

Kuma don Allah kada ku watsar da marasa takarda tun a tantancewa. Dala 300 da jarrabawa da Turancin Ingilishi ba kowane yaro da ya fito IUT, makarantar fasaha ta jami'a, ko ya yi shekaru yana kafa anten ke iya kai wa gare ta ba. Cikin biyar ɗin da ba su rubuta CCNA ba, ku kira biyu su zauna teburin nan su ma.

Malam Na-Gobir ya sake amsawa:

Hajiya, na yarda da maganar lokaci, a bar agogo ya zama na tsara wuni kawai. Amma ga inda ba zan sassauta ba: wanda ya kasa shiga konsol ko ya kasa raba /24, natsuwarsa ba za ta cece shi ba.

Tunda an zo maganar rassa, ga biyu da za a raba gardama da su in mutum biyu suka yi kunnen doki. Ta farko: VPN ta tashi, ping daga Tasawa zuwa sabar na tafiya, amma manhajar kwantabul tana buɗe shafin shiga sai ta daskare in an nemi babban rahoto. Ƙananan ƙunshi na wucewa, manya na maƙalewa, don ramin VPN ya ci wani abu daga 1500 ɗin da aka saba, layin PPPoE ma 1492 yake bari. Gwajin a Windows shi ne `ping -f -l 1472`, a yi ta rage lambar har ta wuce, a ƙara 28 a samu ainihin MTU. Maganin a rage MSS, iyakar girman saƙon TCP, a ruta, `change-mss` a MikroTik, `ip tcp adjust-mss` a Cisco. Wannan ba a haddace ta, sai wanda ta taɓa hana shi barci ko ya fahimci TCP da gaske.

Ta biyu: layi biyu, babba da na SIM, an ba su distance 1 da 2, an sa `check-gateway=ping`. Intanet ta yanke a babban layin amma rutar ta ƙi komawa kan SIM. Dalili, akwatin kamfanin intanet da ke ɗakinku yana nan a kunne yana amsa ping, yankewar can gaba take. Sai an sa rutar ta riƙa gwada wani adireshi na can waje ta kan layin, da hanya mai bi ta wata hanya ko da Netwatch. A teburin gwaji, ku zare wayar da ke shiga akwatin daga waje, ku bar wadda ke tsakaninsa da MikroTik a soke.

Alhaji, ƙarin abu ɗaya ga jerin kayanka: galibin kwamfutocin hannu na yanzu ba su da kafar siriyal, don haka ka nemi wayar konsol mai kan USB, a saka direbanta a gwada ta tun jajibiri a kan duka suwic biyun.